Idan Dare Ya Riske Ka a Filin Jirgi

  

Hunturu ya kankama, hazo ya fara lulluɓe gari, kuma duk wanda ya saba hawa jirgin sama a ƙasar nan ya san abin da ke tafe. Daga yanzu har wajen Fabrairu ko Maris, ba za ku rasa jin labarin wane da ya isa filin jirgi da hantsi ba, aka ce masa jirgin sha ɗaya ya koma ƙarfe biyu, na biyu ya koma shida, na shida ya koma "a ɗan ƙara haƙuri". Can bayan isha'i lasifika ta yi shiru, ma'aikata suka sulale ɗaya bayan ɗaya, bawan Allah ya yi matashi da jakarsa a kan kujerar ƙarfe, sanyi na ratsa shi har asuba. A kan wannan daren za mu yi magana yau.

Kada wani ya ce ai wannan hira ta masu hannu da shuni ce. Da can ne haka. Yanzu maniyyaci daga ƙauye yana hawa jirgi, ɗalibi mai karatu a Masar ko Indiya yana hawa, mai jinya da aka tura Alƙahira yana hawa, ɗan kasuwar Kwari mai sarin kaya daga Sin ko Dubai yana hawa. Akwai ma wanda tsoron hanya ne kawai ya sa ya tattara ɗan abin hannunsa ya yanki tikiti. Ko kai ba ka hawa, wata rana mahaifiyarka za ta hau, kuma kai za ta kira cikin dare ta ce an bar su a zaune.

Mu fara da abin da ke hana jirgi tashi, don na lura yawancin faɗan da ake yi a filin jirgi daga rashin sanin wannan yake tasowa.

Ƙurar da muke shaƙa a wannan lokaci, mafi yawanta daga nesa take. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe tun da daɗewa, ƙasarsa laushi kamar gari. Idan iskar arewa maso gabas ta taso, sai ta kwashe ta, ta ratsa Nijar, ta sauke mana. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da gargaɗi kafin ƙurar ta iso, wani lokaci ta ce a wasu garuruwan Arewa ido ba zai hango abin da ya wuce mita 1,000 ba. To shi matuƙin jirgi, kowane titin sauka yana da iyakar hangen da doka ta yanka masa, gwargwadon na'urorin da aka girka a wurin. Idan hange ya gaza wannan iyaka, ba zaɓinsa ba ne. Ko ya kai shekara talatin yana tuƙi, ba shi da ikon cewa bari in gwada.

Ga inda mutane kan ga kamar an raina musu hankali. Kana zaune a Legas, gari garau, rana tas, sai a ce yanayi ne ya hana tashi. Ka leƙa taga, ka ce ƙarya suke yi. Alhali ba sararin Legas ake nufi ba. Hazon yana can Kano ko Yola ko Maiduguri, inda za a sauke ka. Ba a tayar da jirgi sai an san yana da wurin sauka, da kuma wani filin na daban da zai karkata idan na farkon ya ƙi. Legas ɗin ma ba ta tsira ba: a farkon 2020, hazo haɗe da matsalar na'urorin sauka ya sa aka riƙa karkatar da jiragen ƙasashen waje zuwa Accra ta Ghana, fasinjojin da suka yi niyyar kwana a gidajensu suka tsinci kansu a wata ƙasa.

Sai a haɗa da wani abu da ba kowa ya sani ba. Manyan filaye irin su Legas da Abuja da Kano suna aiki dare da rana, amma da yawa daga cikin ƙananan filayenmu da rana kawai ake sauka, saboda rashin fitilun titi ko rashin ma'aikatan dare. Saboda haka ko da hazo ya yaye da la'asar sakaliya, idan aka lissafa aka ga jirgi ba zai isa ba sai bayan faɗuwar rana, tafiya ta mutu ke nan sai gobe. Mai zuwa irin waɗannan garuruwa, in dai da hali, jirgin safe ne nasa.

Dalilin da ya sa na safe ya fi, ga shi. Jirgin da zai ɗauke ka da yamma ba ajiye yake yana jiranka ba. Kamar motar haya guda ce da ke jigila tsakanin Kano da Zariya tun asuba: idan ta makara a sawun farko, kowane sawu na baya sai ya gaji makarar, har ya ƙara tasa. Jirgi ɗaya kan yi sawu da yawa a wuni, kuma kamfanoninmu ba su da rarar jirage da za a ce a fito da wani. Jinkirin awa ɗaya da safe, kafin magariba ya zama awa huɗu. Daga nan kuma sai dokar hutun matuƙa ta shigo. Matuƙi da ma'aikatan cikin jirgi suna da adadin awoyin da aka yarda su yi a bakin aiki, kuma zaman jira ma yana cin waɗannan awoyi. Sai ka ga jirgi lafiyarsa ƙalau, hazo ya tafi, amma masu tuƙa shi lokacinsu ya cika. Mutane kan fusata da wannan fiye da komai. Ni kuwa ban ga wanda zai so mai gyangyaɗi ya sauko da shi daga sama cikin dare ba.

Sauran dalilan kun san su: tsuntsu ya faɗa injin, wata na'ura ta nuna matsala, an rufe sarari na ɗan lokaci saboda wani babba zai wuce, ko ƙarancin man jirgi irin wanda aka sha fama da shi a 2022. Wani lokaci kuma, mu faɗi gaskiya, kamfani ne ya ga fasinjojin rana ba su cika ba, ya haɗe su da na dare, ya kira abin "dalilai na aiki".

Mukan ce wani jinkirin alheri ne, kuma haka ne. Jirgin da ya ƙi tashi cikin hazo ya yi maka gata. Amma a raba abu biyu. Hana jirgi tashi yana iya zama daga Allah. Barin tsohuwa a kan kujera har asuba, babu bayani, babu ruwan sha, babu wanda zai ce mata ga makwanci, wannan aikin mutum ne, kuma doka ta yi magana a kansa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan kwanan dole a filin jirgi. Mai biro ya ɗauko, don wannan gaɓar ta cancanci a rubuta.

Hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin jirage a Najeriya ita ce NCAA. Ba ita ke kula da ginin filin ba, wannan aikin FAAN ne a yawancin filaye. A cikin dokokin NCAA akwai Sashe na 19, wanda aka sabunta a 2023, kuma gaba ɗayansa a kan haƙƙin fasinja yake. Abin da ya tanada game da jirgin cikin gida da ya yi jinkiri yana tafiya ne da agogo. Cikin minti 30 bayan lokacin da aka sa za a tashi, wajibi ne kamfani ya faɗi dalilin jinkirin. Idan aka kai awa biyu, ya ba ka abin taɓawa da abin sha, da damar yin waya ko aika saƙo. Idan aka haura awa uku, kana da ikon cewa ka fasa, a mayar maka da kuɗinka. Idan kuwa abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, ko aka rufe filin da kake ko wanda za ka, to masauki da motar da za ta kai ka ta dawo da kai suna wuyan kamfani. Ga jirgin ƙasar waje, maganar otal tana shigowa ne idan jinkirin zai kai awa shida. Kuɗin tikiti kuma, wanda ya biya tsaba a ba shi nan take, wanda ya biya ta banki ko intanet a mayar masa cikin kwana 14.

Kamfani zai iya kawo uzurin yanayi, kuma uzuri ne da ke sauke masa biyan diyya. Amma hazo bai halatta masa ya riƙe kuɗin tafiyar da bai kai ka ba, bai kuma halatta masa ya bar ka cikin duhun kai ba.

To me ya sa duk da wannan doka ake kwana a kan kujera? Wani ɓangare laifin kamfanoni ne, waɗanda suka gane cewa in suka yi shiru, rabin fasinjoji za su watse da kansu. Wani ɓangaren kuma namu ne. Mun kasu biyu. Akwai mai kawaici, wanda yake ganin tambayar haƙƙi rashin tawakkali ne ko zubar da girma, sai ya naɗe ƙafa ya ja carbi har gari ya waye. Akwai kuma mai zafin kai, wanda zai je ya daki kanta, ya zazzage yarinyar da ke zaune a wurin, wadda albashinta na wata bai kai kuɗin tikitinsa ba, ita da ba ta da ikon ba da ko kwalbar ruwa sai an ce ta bayar. Dukansu biyu a kujera suke kwana. Na biyun ma yana iya kwana a hannun jami'an tsaro, don fasa kaya ko dukan ma'aikaci ko tare ƙofar jirgin wasu laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Bari in ba ku abin da na taɓa gani a wani fili da ba sai na ambaci sunansa ba. Dare ya yi, an riga an ɗage mana tafiya sau da yawa, zaure ya cika da hayaniya. Kusa da ni akwai wata dattijuwa, ta lulluɓa da mayafi, tun magariba ba ta ce uffan ba. Sai na ga hannunta yana rawa a kan gwiwarta, goshinta ya jiƙe da gumi duk da sanyin da ake yi. Wani saurayi da ke gefenta ya durƙusa ya ce, "Mama, lafiya kuwa?" Ta ce, "Ɗana, ciwon suga gare ni. Na sha magani da rana, ban ci komai ba, sauran maganin kuma da ɗan abincina suna cikin babbar jaka, sun karɓe ta tun safe." Shagunan cikin zauren duk sun rufe. Wata mata ce ta zaro dabino daga jakarta, wani ya kawo lemon kwalba, aka samu ta dawo hayyacinta.

Wannan matar mai dabino, daga baya na ji ashe malamar makaranta ce, ita ta juya al'amarin daren. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yago takarda daga littafinta, ta bi layi tana cewa, "Alhaji, a rubuta suna da lambar kujera. Baba, kawo katinka in rubuta maka." Da takarda ta cika, ta nemi maza biyu su raka ta, suka wuce kanta suka ce manajan da ke bakin aiki suke nema. Da ya fito ta gaishe shi da mutunci, ta ce, "Ranka ya daɗe, goma ta wuce. Ga sunayen waɗanda ba su da inda za su a garin nan, ga kuma mai ciwo da ke buƙatar jakarta. Masauki muke tambaya. In babu, a rubuta mana cewa babu, a sa hannu." Ya ɗan yi jim, ya shiga ciki da waya a kunne. Aka fito da jakar dattijuwa. Wajen tsakar dare bas ta zo. Waɗanda suka yi fushi suka fice tun da farko kuwa, daga aljihunsu suka biya tasi da otal.

Ku lura da abin da ta nema: a rubuta. Ma'aikaci zai iya ce maka babu da baki sau goma, amma sa hannu a takarda cewa an hana ka abin da doka ta ba ka, wannan kowa na gudunsa. Kuma a manyan filayenmu NCAA tana da jami'an kare haƙƙin fasinja, da teburinsu a cikin zaure. Ka tambayi inda suke tun da sauran rana, kada ka bari sai sun tashi.

Akwai tarko ɗaya da nake so ku kiyaye. Da an haura awa uku, za ka ji ana cewa mai son kuɗinsa ya zo ya cike takarda. Ka tsaya ka yi lissafi kafin ka miƙe. Ranar da ka karɓi kuɗinka, ciniki ya ƙare tsakaninku: ba su da sauran nauyin kai ka, balle na kwantar da kai. Tikitin da ka saya da sauƙi tun makonni uku da suka wuce, in ka je sayen irinsa na gobe da safe, mai yiwuwa ka tarar ya ninka, kuɗin naka kuma ba lallai su shigo asusunka a daren ba. Idan ɗaurin auren da za ka ya riga ya wuce, ko kana cikin garinku, karɓi kuɗinka ka koma gida. Idan kuwa dole ne ka isa, ya fi maka ka riƙe tikitin, ka nemi a tabbatar maka da kujera a jirgin gaba, a rubuce ko ta saƙon waya, sannan ka nemi makwanci.

Yanzu a ce duk an yi, bas ba ta zo ba, ko otal-otal sun cika. Yakan faru har a inda ake ganin an fi mu tsari. A ranar 16 ga Afrilun 2024 aka tafka ruwan da Dubai ba ta ga irinsa ba cikin shekara 75, titin jirgi ya zama tafki. Kamfanin Emirates da kansa ya ce ya soke tashi kusan 400, ya kama ɗakunan otal 12,000, amma duk da haka mutane sun kwana a ƙasa a cikin filin. Saboda haka shirin wannan dare tun daga gida ake yin sa, a cikin ƙaramar jakar da za ta zauna a hannunka.

Magani shi ne na farko, kuma kun ji dalili. Na hawan jini, na suga, na asma, duk abin da ba ka iya wuni biyu babu shi, kada ya shiga babbar jaka. Ka ɗauki fiye da na kwanakin tafiyar. Mai jariri ta ninka madara da kunzugu. Sai caja, da batirin ajiya da ake cajin waya da shi, wanda dama doka ba ta yarda a sa shi a babbar jaka ba. Ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli ko biskit. Rigar sanyi ko babban mayafi, don zauren da ke da daɗi da rana, ƙarfe uku na dare sai ka ji kamar a bakin kogi kake. Da 'yan kuɗi tsaba, saboda ranar da ka fi buƙatar na'urar cire kuɗi ita ce ranar da za ta ce babu sabis. Lambar wayar mutum biyu kuma a rubuta a takarda, musamman idan tsoho ne zai yi tafiyar.

Wurin kwana, ka zaɓi inda ke da haske da jama'a, kusa da jami'an tsaro. Mata su haɗu wuri ɗaya. Fasfo da waya da kuɗi su kwana a jikinka, a ƙarƙashin riga, igiyar jaka kuma a naɗe a hannu ko ƙafa. Idan kun saba da wani a cikin jiran, ku yi karɓa-karɓa, ɗaya ya runtsa ɗaya ya duba. Kada ka fita waje tsakar dare ka bi duk wanda ya tare ka da "oga, otal mai araha". In za ka fita, ka hau motar da ke da rajista da filin, ka kuma aika wa wani naka lambarta.

Sabon da ake yi a irin wannan dare yana da daɗi, har akan ƙulla zumunci, amma yana da iyaka. Komai kirkin mutum, kada ka karɓi ƙunshinsa ka riƙe masa, kada ka yarda a haɗa kayansa da naka a awo. Idan aka soke tafiya aka fito da kaya, gobe aka sake aunawa, ka ƙirga 'yan takardun da ake liƙa maka a bayan katin shiga jirgi: jaka biyu ka bayar, takarda biyu za ka gani. Ba mu manta da 'yar ƙasar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai da ta shafe watanni kafin gaskiya ta fito aka sake ta a 2019.

Salla kuwa, yawancin filaye suna da masallaci ko ɗakin ibada, a tambaya. Wanda ya maƙale a garin da ba nasa ba, a mazhabar Malikiyya da muke bi yana ci gaba da ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Masu zuwa Umara kuma, ɗaura harami daban, ƙulla niyya daban. Kana iya sa tufafin tun a ƙasa, amma ka bar niyya sai an kusa miƙati. Wanda ya yi gaggawar ƙulla ta tun a zauren jira, sannan jirgi ya ƙi tashi, ya ɗora wa kansa dokokin harami na tsawon daren, ga sanyi, ga shi ba damar rufe kai.

Mu ɗan leƙa waje kafin lokaci ya ci mu. Yawancin masu fita daga Arewa sukan ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ko Doha ko Dubai. Babbar tambaya a nan ita ce: tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar gaba ɗaya, ko biyu ne aka saya daban-daban don neman sauƙi? Idan ɗaya ne, jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi ya bar ka, nauyin kamfani ne ya sa ka a wani. Da ka sauka, ka nufi teburin masu canjin jirgi kai tsaye, kada ka tsaya kallon shaguna, don kujerun jirgin gaba na wanda ya riga ne. Idan kuwa tikiti biyu ne, kamfani na biyu ba ruwansa da uzurinka, a wurinsa ba ka zo ba ne kawai. Ka tambayi wanda ya yankar maka tikiti wannan tun kafin ka biya. Sannan akwai maganar biza: otal yana wajen fili, kai kuma mai yiwuwa fasfonka bai ba ka ikon fita ba. Wasu kamfanonin sukan shirya maka izinin fita na ɗan lokaci, a wasu wuraren kuwa sai dai ka nemi takardar cin abinci da bargo, ka tambaya ko akwai ɗakunan hutawa a ciki.

Mai tasowa daga Turai yana da ƙarin gata. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen tarayyar, ko na wane kamfani ne, ko fasinjan ɗan ina ne. Idan ka isa da jinkirin awa uku ko fiye, kuma laifin kamfani ne, diyya tana kamawa daga Yuro 250 har zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya. Birtaniya ma tana da irinta. A Afrilun 2010, lokacin da wani dutse ya yi aman wuta a Aisland, tokarsa ta sa aka rufe sararin Turai kusan kwana shida, aka soke tashi wajen 100,000, mutane kusan miliyan 10 suka maƙale. Kamfanoni suka ce ai wannan ba laifinsu ba ne. A 2013 kotun tarayyar ta yanke cewa diyya kam ta faɗi, amma ciyar da fasinja da kwantar da shi suna nan a wuyansu, ko dutse ne ya fashe. Sauran tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa kuwa, akwai Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki. Ta ba ka damar neman asarar da jinkiri ya jawo maka idan kamfani bai yi iya ƙoƙarinsa ba, kuma shekara biyu gare ka ka shigar da ƙara.

Duk waɗannan ba sa aiki sai da shaida. Katin shiga jirgi, kada ka yar. Allon da ke nuna an ɗage tafiya, ka ɗauke shi hoto yadda lokaci zai fito. Saƙon da suka turo maka, ka adana. In ka biya otal ko tasi ko abinci da kuɗinka, ka karɓi rasit, kuma ka yi matsakaicin kashewa, don ba wanda zai biya maka ɗakin alfarma. Ka rubuta sunan ma'aikacin da kuka yi magana da shi da ƙarfe nawa ne.

Da asuba ta gabato, kada ka dogara da lasifika ta tashe ka. Ka sa ƙararrawar waya, ka wanke fuska, ka je kanta da wuri ka tabbatar sunanka yana cikin jirgin da aka ce, don katin jiya ba lallai ya yi aiki yau ba, kuma fasinjojin safe ma suna nan tafe da nasu tikitin. Ka tambayi inda babbar jakarka take. Bayan ka isa gida ka huta, ka rubuta wa kamfanin ƙorafi ta imel, gajere, da kwanan wata da lambar jirgi da hotunan rasit, ka faɗi abin da kake nema. In sun yi biris, ka tura wa sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, suna karɓa ta intanet da kuma a ofisoshinsu na filayen jirgi. Wanda ba ya rubutun boko, ɗansa ko jikansa ya rubuta masa.

Lokaci ya cimmana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar jakar da ta ɓata ko ta iso a fashe, da kwanakin da doka ta ba ka ka kai ƙorafi kafin haƙƙinka ya faɗi. Masu niyyar tafiya a wannan mako, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.